Matar da Ta Juya Baya a Bangon Jos

Mun tashi da asubar Asabar daga tashar Potiskum, cikin wata tsohuwar fijo da aka cusa mu kamar buhunan gero. Ni aka ba kujerar can baya, gwiwa a haɓa, a cinyata kuma kwalbar man shanu naɗe cikin tsumma. Direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda a bayan fage ya sayi mai. Babu wanda ya ja da shi sai wani dillalin shanu, shi ma ina jin don kada a ce bai taya ba ne.

Ya kamata in faɗi abin da ya fitar da ni, domin ni ba mai son tafiya ba ne. Tun da na gama bautar ƙasa ina zaune a gidanmu na Hausari ina jiran aiki. Ina da wa, shi ne ɗan farin Innarmu. Kamar yadda aka saba a wajenmu, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. A hannun kakarmu ya tashi a Fika. Ya karanta zane a jami'a, daga nan ya riƙa nisa da gida. Zuwansa na ƙarshe shi ne rasuwar Baba. Ya zauna aka yi makoki, Inna ba ta ce masa uffan ba, ya tafi, shekaru ke nan shiru. Tsorona shi ne ko zaman birni ya sa ya ɗauki kunyar nan a matsayin ƙiyayya. Ina zaton tsoron Inna ke nan ita ma, amma ba bakin faɗa.

Sai wani direban tirelar shanu ya kawo labari cewa an baje zanen Yaya a Jos tare da na wasu. Na maimaita labarin a tsakar gida. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "An ce Jos ɗin ba nisa." Washegari na tarar da kwalbar a ƙofar ɗakina. Aiken ke nan.

Damina ta zauna sosai, gero ya fi mutum tsayi har zuwa Darazo. Hanyar da ramuka, ga shingayen jami'an tsaro, ko wanne sai direba ya sauka ya je gaisuwa ya dawo yana tsaki. Abokan tafiyata sun saba da juna nan da nan, ana hirar tsadar taki da Hausa iri-iri, ta Bolewa da ta Ngizim da ta Fulani. Ni dai ina ta gwada a zuci yadda zan gaishe da Yaya. In durƙusa, ko in miƙa hannu kawai? Ban yanke ba har muka isa Bauchi. Nan muka ci masa da miyar taushe. Ta yi daɗi, sai dai na ci rabi na bari, don tsoron lalacewar ciki a hanya.

Daga Toro mota ta fara hawa, iska ta yi sanyi, duwatsu ɗaya bisa ɗaya kamar wani ne ya jera su ya manta. A bakin titi mata na sayar da dankalin turawa da kabeji, araha ƙwarai in aka kwatanta da namu. Mun shiga Jos bayan azahar ana yayyafi.

Ɗakin nunin yana kusa da gidan tarihi, dogon zaure ne mai farin bango. Na yi sallama, muryata ta dawo mini. Na tuɓe takalma na ajiye a bakin ƙofa, sai wata mata mai tsaron wurin ta leƙo daga bayan tebur ta ce, "Malam, sa abinka, ba masallaci ba ne." Na faɗi sunan Yaya. Baƙon abu ne a bakina, don a gida ba a jin sa.

"Ayya, da ka zo wancan sati," in ji ta. "Ya wuce Legas. Zanen ma jibi za a kwashe su bi shi."

Ba ta san inda yake sauka ba. Na tsaya riƙe da kwalba ban san abin yi ba. Ta ce tunda na zo in zaga, amma man ya zauna a kan teburinta.

Ni kaɗai ne a ɗakin. Na harɗe hannuwa a baya don kada in taɓa wani abu bisa kuskure. Akwai wani mutum da aka ƙera da tarkacen babur, sarƙa ce haƙarƙarinsa, fitila ce kansa, ya sunkuya kamar mai neman abin da ya faɗi. Akwai wani allo, ja da baƙi ne kawai aka yaɓa, na daɗe a gabansa ina jiran in gane, ban gane ba, kuma ba zan ce laifin mai zanen ba ne. Wani kuma ya zana jarkoki a layi, babu mutum ko ɗaya, amma ko wace jarka da irin gajiyarta. Wannan na gane shi, don ni ma na bi layin kananzir. Na kuma yi ta saƙe-saƙe a kan zanen abu mai rai da abin da malamanmu ke faɗa. Ban warware ba, na bar wa Allah.

Na Yaya yana can ƙurya. Mace ce zaune a kujera 'yar tsugunno, ta juya baya, tana fuskantar bangon ƙasa. Ba a ganin fuskarta ko kaɗan. Hannunta na dama ya zagayo baya yana turo kwano rufe da faifai. Ɗankwalinta kuma ya zame daga kunnen hagu, kan ya ɗan karkata zuwa ga mai kallo.

Mai tsaron ta zo ta tsaya gefena. "Baƙi suna son wannan. Wani bature ya ce matar fushi take yi, wai ta kori mutum."

Na ce, "Ina jin ba fushi ba ne."

"To mene ne?"

Na matsa kusa da zanen, domin a lokacin nake ganin abin. Duk sanda Yaya ya shigo gaisuwa, haka Inna take juyawa. Wannan kowa ya sani. Abin da ban taɓa lura ba shi ne ɗankwalin. Sai da na gan shi a bango na tuna yadda take sa yatsa ta ture shi daga kunne, kamar mai susa, da zarar ta ji sallamarsa. Ya zana kunnen da kulawar da bai ba sauran jikin ba, har da ramin ɗankunnen da ya yage. Ba ni da ilimin zane, wataƙila masana su ce na yi kuskure. Amma ban ga yadda mai jin haushi zai zauna ya zana kunne haka ba.

Na daɗe a wurin har ƙafata ta yi sanyi. Da zan fita matar ta ce in bar man, za ta ba direban da zai kai zanen. Na bari. Ko zai isa, Allah ne masani. Na kwana a wani masauki kusa da tasha, da safe na kamo hanya.

Na iso gida da la'asar. Inna ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, sannan ta ce, "Mutanen can suna lafiya?"

Na ce, "Sun wuce Legas, amma an ce lafiyarsu lau."

Na ba ta labarin mutumin babur da jarkoki, ta yi ɗan murmushi. Sai na kawo zancen matar, da kwanon, da ɗankwalin da aka ture daga kunne. Ban ce ga wanda ya zana ba, ban ce ga wadda aka zana ba. Ta juya tana kallon bango.

"Ashe yana gani," in ji ta. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban ga Yaya ba, ban samo inda yake ba, ban kuma san ranar da zai zo ba. Abin da tafiyar ta koya mini ɗaya ne, shi ma ban gama juya shi ba. Ni ne Inna ke kira da suna, ni take kallo a fuska kullum, amma wanda aka juya wa baya ya fi ni sanin ta.