Ranar da Motar Dattijo Ta Kafe a Yashi

Kwando sittin da huɗu na tumatir nake da su a bayan kanta, wato motar kayan da na yi haya, ran nan, ja wur, tsinkar safiya daga fadamun Danja. Kusan duk jarina na wannan rani yana cikinsu. A bakin titin Funtua kuma ga tirela tsaye ana yi mata lodi zuwa Kudu, kuma Alhajin da ke kula da lodin ya faɗa mini a waya ba ɓoye-ɓoye: wurin da ya rage na kayan mutum ɗaya ne, wanda ya riga isowa shi ke da shi. Wanda bai san kayan gwari ba shi ne zai ce a jira wata motar mana. Tumatir ba ya jira. In ya daɗe a kwando cikin zafin rani, ruwa za ka tarar a ƙasa, ƙuda a sama.

Mu biyu ke neman wurin nan, ni da Dattijo.

Dattijo muke ce masa domin dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma ya riga ni shiga wannan sana'a da nisa. Lokacin da yake hayar motoci, ni ina ɗaukar kwandunan mutane a ka. Daga dako na sayi keke, daga keke na koma babur, har na kai ga hayar kanta. Bai damu da ni ba sai da manoman wata fadama da ya daɗe yana saye a hannunsu suka juyo wurina. Daga nan ya baza magana a kasuwa cewa kwandona fuska ce kawai, masu kyau a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. A sana'armu babu sunan da ya fi wannan muni. Sai ga masu saye suna sa a zazzage mini kwando a ƙasa kafin su taya, ina tsaye ina kallo kamar ɓarawon da ake bincike. Muka daina gaisawa. Ran Lahadi mu rera waƙa ɗaya, mu ci Jibin Ubangiji daga faranti ɗaya, a ƙofa kowa ya nemi takalminsa ya kama gabansa. Matata ta sha ce mini wannan zama bai yi ba. Ni kuwa amsata ɗaya ce, ba ni na fara ba.

Hanyar fita daga fadamar guda ce, tana ratsa wani rafi da ke ƙafewa da rani, ba abin da ke cikinsa sai yashi. Direbobi sun san a bi gefen dama inda akwai tsakuwa. Dattijo ya riga mu gama lodi, ya riga mu tashi, har na fara lissafin inda zan kai kayana in na rasa tirela. Muna karyo kwana sai ga motarsa a tsakiyar rafin. Direbansa ya yi sauri ya yanke ta tsakiya, tayoyin baya suka nutse, motar ta karkata gefe ɗaya kamar za ta kwanta. 'Yan dakonsa biyu suna tonon yashi da hannu. Shi kuma yana tsaye, hula a hannu, yana kallon kwandunansa da rana ta fara duka.

Gefen tsakuwa kuwa a buɗe yake.

Direbana, wani Malam mutumin Matazu da muka daɗe muna aiki tare, ya dube ni ya yi murmushi.

"Maigida, ka ga rabo? Tirela ta zama taka."

Na ce, "Wuce."

Ba zan yi wa kaina ado ba, haka na ce, kuma da daɗin rai na faɗa. Muka bi gefen dama muka haye, muka hau tudun da ke ƙetare. Ban ko waiwaya ba. Amma a kan tudun nan ne mahaifina ya faɗo mini a rai.

Mahaifina mai jakuna ne. Da su yake kai hatsin mutane kasuwar Malumfashi. Da girmansa ya koyi karatu a ajin manya na mishan, kuma har ya rasu da yatsa yake bin layi. Wurin da ya fi so a Maganar Allah ba irin wuraren da masu wa'azi ke yawan buɗewa ba ne. Wata 'yar doka ce cikin tsofaffin dokoki, wadda ta ce in ka ga jakin mai ƙinka ya faɗi da kaya, kada ka wuce ka bar shi, ka tsaya ka taya shi ɗagawa. In ya karanta sai ya yi dariya ya ce wanda ya ba da wannan doka ya san jaki. Jakin da ya faɗi da mangala cike, mutum ɗaya ba ya tashe shi. Sai ɗaya ya kama nan, ɗaya ya kama can, su ɗaga tare. Sannan ya kan nuna mana da yatsa cewa ba jakin aboki aka ce ba, domin na aboki ba ya bukatar doka.

Na ce wa Malam ya tsaya. Ya taka burki, ya ce ko wani abu ya faɗi. Na gaya masa abin da ke raina a taƙaice, sannan na ƙara da abin da nake so ya tabbatar mini.

"Amma ai jaki aka ce. Wannan kanta ce."

Malam ya ƙyalƙyale da dariya har da buga sitiyari. "Haba Maigida! Kanta ai ita ce jakin zamani. Ni ban karanta littafinku ba, amma kai ma ka san ba za ka tsira ta nan ba."

"Ka san in muka tsaya mun rasa tirela."

"Na sani. Ni dai ladan tuƙina ba ya raguwa. Kai ke da kaya."

Ni ɗan kasuwa ne, ba na taɓa abu ban auna shi ba. Na auna wannan ta kowane gefe, babu inda riba ta fito. Abu ɗaya kawai na gani sarai: shekara da shekaru ina cewa na gaskata Maganar nan, yau ga ta ta tare ni a hanya da mota da kwanduna, babu wata fassarar da zan ɓuya a bayanta. Na ce wa Malam ya juya baya ya fito da sarƙa.

Da na sauka cikin yashin, Dattijo ya mayar da hularsa ka, ya ɗaure fuska.

"Baba, sannu da aiki."

"Kallo ka dawo yi?"

"Kaya na zo saukewa."

"Ban kira ka ba."

"Ba kai ka kira ni ba, Baba. Wanda ya aiko ni kai ma ka san shi, kai ke karanta mana maganarsa ran Lahadi."

Dattijo ya juya yana duban motarsa. Direbansa kuwa bai jira izini ba, tuni ya haye saman kaya ya fara kwance igiya.

Motar da ta nutse haka ba a jan ta da lodi, sai an sauke komai. Babban kwandon tumatir kuma mutum ɗaya ba ya sauke shi, in ba so yake ya matse na ciki ba. Mutum biyu ke kamawa, fuska da fuska, su tafi da ƙafa ɗaya. 'Yan dako biyu suka haɗu. Malam ya ce shi zai gyara sarƙa ya sassaro rassan da za a shimfiɗa a ƙarƙashin taya, kuma na san da gangan ya zame. Saura ni da Dattijo. Direbansa ya miƙo kwando, na kama gefe, na jira. Dattijo ya daɗe yana kallon kwandon kafin ya sa hannu.

Muka fara sauke kwandunan. Numfashinsa kawai nake ji a fuskata. Can sai ya ce, "Ɗaga naka gefen mana."

"A ɗage yake, Baba. Kai ne ka fi ni tsawo."

"Ka ci abinci kuwa yau?"

"Da na san zan ɗauki kayan dattijo da na ƙara."

'Yan dako suka fashe da dariya. Shi bai yi ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Muka jera kwandunan a inuwar wani mangwaro a bakin rafi, gumi na zuba, yashi na ƙona ƙafa.

Muna tsaka da haka wayata ta yi ƙara. Alhajin tirela ne.

"Kana ina? Ga wani ya iso da kaya daga wajen Bakori, na ce ya dakata."

"Alhaji, ina rafi, motar Dattijo muke fitarwa."

"Wane Dattijo? Naka?"

"Shi."

"Ikon Allah. To ni dai ba zan riƙe mota ba."

"Ba shi wurin, Alhaji. Hakkinsa ne."

Dattijo na tsaye kusa, ya ji komai. Ya sunkuya ya kama kwando na gaba.

Da aka gama saukewa, aka ɗaura sarƙa, Malam ya ba motarmu wuta. Ja na farko motar Dattijo ba ta motsa ba. A na biyu ta fizgo da ƙarfi ta fito, amma fizgar ta girgiza tamu motar, kwandona guda na can sama ya ɓalle ya faɗo ya tarwatse a ƙasa. Tumatir ya watsu ko'ina, har na ƙasan kwandon. Kafin in isa, Dattijo ya riga ni. Ya durƙusa yana tsincewa, yana juya kowane ɗaya a hannu kamar mai saye. Ya ɗago kwandon ya leƙa gindinsa. Ya ɗauki na ƙarshe da ya maƙale a ciki, ja, mai tauri, ba tabo.

"Har ƙasa haka yake?"

"Kullum haka yake, Baba."

Ya ajiye kwandon ya miƙe. Muka mayar masa da lodinsa, yadda muka sauke, shi gefe ni gefe. Da aka ɗaure igiya ta ƙarshe rana ta riga ta karkata, tirela kuma ta kama hanyar Kudu ba mu a ciki. Ga mu mutum biyu da kaya cike da motoci biyu, ba inda za mu kai. Ina tunanin in kai kasuwar Funtua in karyar ko nawa ne, sai ya leƙo ta tagar motarsa ya ce, "Ku biyo ni."

A bayan gidansa akwai wani falalen dutse mai faɗi, wanda iyayensa ke shanya a kai. Kauɗa ya yi niyyar yi, wato a yanka tumatirin a shanya ya bushe a ajiye. Ni ban taɓa yi ba, ina ganin aikin masu ƙaramin jari ne. Ya aika aka gaya wa matan zumunta na ikilisiya, maƙwabtansa mata Musulmi su ma suka fito da wuƙaƙensu. Matata ta iso a bayan babur, ta dube ni, ta dubi Dattijo muna sauke kwando tare, ta ce, "Yau kuma wace rana ce?" Ba ta jira amsa ba ta ɗaura ɗankwali ta tayar da waƙa. Kafin a jima dutsen nan ya koma ja daga wannan baki zuwa wancan. Dattijo ya ja layi da gawayi a tsakiya, nasa can, nawa nan, ya ce kada gobe a ce ya ci kayan yaro. A kwanakin da aka yi ana juya shanya, a gidansa nake cin tuwo.

Ranar kasuwa ta gaba, ina zaune a rumfar 'yan gwari, sai ga shi. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar rumfar inda manoma da masu saye ke jinsa, ya nuna ni, ya ce maganar da ya taɓa yi a kan kwandon wannan mutum ba gaskiya ba ce, ya ga gindin kwandon da idonsa, duk wanda ya ji ta daga bakinsa ya zubar da ita. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juyo ya miƙo mini hannu. Wani tsoho daga baya ya ce, "To, yau ruwa zai sauka da rani!" Rumfa ta kaure da dariya.

Ga yadda lissafin ya tsaya, domin ni ba na barin ciniki ban rufe shi ba. Kwando tara suka lalace kafin wuƙa ta kai gare su, shanu suka ci. Farashin Kudu a makon nan ya yi kyau ƙwarai, na tambaya, kuma na ji zafinsa. Kauɗar ta zauna a ɗaki har damina ta yi nisa ɗanyen tumatir ya yi wuya, sannan na fitar. Ta mayar mini da jarina da kuɗin mota da ɗan abin da bai kai a kira shi riba ba. Wannan shi ne gefen asara, ban rage komai ba.

A ɗaya gefen, tun daga ranar ba wanda ya sake zazzage mini kwando a ƙasa. Ranin da ya biyo baya ni da Dattijo muka haɗa kayanmu, muka tarar mu biyu muna cika rabin tirela, sai muka daina roƙon wuri. Yanzu Alhaji ne ke kiranmu ya tambayi yaushe za mu tsinka, motar kuma ta tsaya har mu iso. Kwando tara na bayar, na karɓo sunana da abokin ciniki, kuma ran Lahadi ina miƙa hannu cikin farantin nan ba tare da na kauce wa idon kowa ba. A duk shekarun da na yi ina saye da sayarwa, ban taɓa yin cinikin da ya kai wannan ba.