Gwangwanaye Arba'in da Ɗaya na Mista Garside

Mista Wilfred Garside, mai gida na goma sha huɗu a layinmu nan Morecambe, ya rasu ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, yana da shekara tamanin da uku. Haka likita ya rubuta. Da na matsa masa sai ya ce ta yiwu Laraba ce, domin ba a same shi ba sai Asabar. Kwana huɗu mutum yana zaune a kujerarsa babu rai, a layi mai gida talatin, tagata kuma tana kallon tasa.

Mista Garside, gara in faɗa maka tun daga farko cewa wannan bankwana karya alƙawari ne. Ranar Litinin mai zuwa masu kwashe kayan mamata za su shiga gidanka. A ɗakin baya akwai gwangwanayen fim arba'in da ɗaya da ka sa na rantse ba zan taɓa ambata wa kowa ba. In na yi shiru, juji za a kai su. In na yi magana, na ci amanarka. Jaridar garin nan tana fitowa ranar Juma'a, ga shi kuma ina rubutawa.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, ban taɓa kiranka Wilfred ba, kai ma ba ka taɓa kirana Hilary ba. Misis Tordoff nake a bakinka, har bayan da mijina, mai sunan, ya kwashe kayansa ya bi wata zuwa Preston, ya bar min sunan kamar tsohuwar laima da aka manta a bas. A makon da ya tafi, duk layin nan sun sani, babu wanda ya ce min uffan. Matan da muke gaisawa sai suka koma duban sama suna zancen ruwa. Kai ma ba ka ce komai ba. Sai dai da safiyar wata Alhamis na tsinci 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofata: “Ƙarfe biyu akwai majigi. Ki zo da biskit, amma ban da mai kwakwa.”

Na je ne don in ga ƙarshen rainin hankali. Na tarar ka ja labule da rana tsaka, ka rataye farin zanen gado a bango, ka jera kujeru biyu da tazarar da za ta ishi mutum uku. Ka sa wani tsohon fim na barkwanci, baƙi da fari, na wasu ma'aikatan tashar jirgin ƙasa da suka ɓatar da gawar shugabansu a cikin kaya. Na yi dariya har na koma kuka, na jiƙa hannun rigata. Kai kuwa ka tsura wa injinka ido kana gyara abin da bai lalace ba, sai da na gama sannan ka ce shayi ya huce.

Haka muka ci gaba. Takarda ta zo, in tafi. Ba ta zo ba, in zauna a gidana. Ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofarka ba tare da gayyata ba, kuma da wannan nake alfahari, ina ganin tarbiyya ce.

Ba ka damu da manyan taurari ba. Idonka yana kan matar da ta shigo da faranti ta fita, da ɗan sandan da ya faɗi kalma huɗu, da tsohon da ke share dandamali a can baya. Ka san sunayensu duka, ka san wadda ta ƙare tana sayar da tikiti a bakin teku, da wanda ya mutu a ɗakin haya ba wanda ya sani. Kakan ce fim ɗin ƙasar nan su ne suka ɗauke shi a ka, sauran kuwa fuska kawai suka kawo. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin karatu, na karanta littattafan masana fim ba adadi, ban ga wanda ya tuna da mai faranti ba. Masanan suna can suna gardama a kan ma'anar inuwa.

Ban manta da abin da ka yi wa mahaifiyata ba. Shekararta ta biyu ke nan a gidan kula da tsofaffi, ta daina gane ni, takan tambaye ni ko ni ce mai kawo magani. Sau ɗaya na ambata maka, shi ma a tsaye bakin shara. Bayan mako guda ka ɗauko majigi da kafaɗarka, kana da shekara saba'in da biyar, ka hau bas biyu, ka rataye zanenka a ɗakin cin abincinsu. Fim ɗin soyayya ne na lokacin yaƙi. Mama ta riga 'yar wasan faɗin kowace magana, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da aka kunna fitila ta juyo ta kama hannuna ta ce in gaya wa Hilary ta zo ta ga wannan, za ta so shi. Muka hau bas ɗin dawowa. Ka ba ni alewar na'ana'a, ka juya kana kallon teku har muka sauka.

A shekara ta takwas ne ka shiga ɗakin baya ka fito da wani gwangwani marar rubutu. Wasan talabijin ne na shekarun sittin, labarin wata gwauruwa mai gidan baƙi a bakin teku, da wani ɗan haya da ba ya son tafiya. Kafin a yi minti goma na gane abin da nake kallo. Na san wasan. Na karanta labarinsa a littattafai uku, kuma dukansu sun ce sau ɗaya aka nuna shi, ba sauran kwafinsa a duniya. Da ya ƙare na gaya maka haka.

Ka ce, “To, kin ga ba ki kalle shi ba ke nan, Misis Tordoff. Ƙara shayi?”

Ban ƙyale ka ba, ka san halina. A ranar ka ba ni labarin da ko matarka Enid ta mutu ba ta ji ba. Kana saurayi kana aiki a ma'ajiyar wani gidan talabijin a Landan. Wuri ya yi musu kaɗan, manyan suka yanke cewa tsofaffin wasanni marasa kala ba wanda zai sake nema. Aka ba ka jerin sunaye da zarto. Aikinka shi ne ka raba kowane naɗin fim biyu, ka tura murhu, ka sa hannu a takarda cewa an hallaka. Ka yanka ɗaruruwa. Ka ce akwai ranar da ka yanka aikin shekara guda na mutum sittin kafin hutun shayi. Daga nan ka fara fita da ɗaya ɗaya a ƙarƙashin kwat ɗinka, ka yi shekara biyu kana yi, kana sa hannu a kan ƙarya. Ba fitattun ka ɗauka ba. Ka ɗauki na masu wanki, da na direbobin bas, da na tsofaffin da 'ya'yansu suka daina zuwa.

Na ce maka wannan ai abin a ba ka lambar yabo ne. Ka ce sunansa sata, ko da wace riga aka sa masa. Kai mutum ne da ba ka taɓa tsallaka titi fitila tana ja ba, ko babu mota daga nan har Lancaster. Ka sa na rantse da ran Mama, har bayan mutuwarka. Na ce in ka mutu wa zai kama ka?

Ka ce, “Sunana zai kwanta a dutsen kabari ɗaya da na Enid. Ba na so a wuce a nuna.”

Na rantse. Shekara goma sha ɗaya na riƙe, muka kalli arba'in da ɗayan nan mu biyu, wasu sau uku.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda na fara. Ranar Talatar nan na ga labulenka a rufe da rana. Na ce a raina fim yake kallo. Laraba ma haka. Ranar Alhamis har na ji haushi: kwana uku yana cin fim shi kaɗai, ko takarda babu. Na yi fushi da kai, Mista Garside, kana zaune a mace. Sai ranar Juma'a da motar shara ta zo ta wuce ban ga kwandonka a waje ba, kai da kake fitar da shi tun kafin kowa, sannan na san ba lafiya. Ko a nan ma sai da na ƙara kwana, ina tsoron kada in shiga abin da ba ruwana. Sai Asabar na tsallaka. Titi taku goma sha biyu ne. Na ƙirga su daga baya. Mu mutanen layin nan mun ƙware wajen ba mutum wurinsa, har ya ruɓe a ciki ba mu dame shi ba, sannan mu aika da kati mai hoton fure.

Mu bakwai ne a jana'izarka, har da limamin coci, wanda ya kira ka William sau biyu. Ya ce kai mutum ne mai shiru mai son sinima, kamar yadda za a ce wani yana son tattabaru. A wurin shan shayi ɗan ƙaninka Adrian, wanda ya taso daga Reading, ya ce min ya leƙa ɗakin baya ya ga tarin gwangwanaye suna warin tsami, ko na san mene ne? Na dubi idonsa na ce ban sani ba. Na riƙe maka alƙawari ranar da aka rufe ka. Amma na san warin nan. Kai ka koya min cewa in fim ya fara tsami to ya kama hanyar mutuwa, kuma yana harbin na kusa da shi.

Jiya da safe na kasa daurewa. Na buga waya gidan da ake adana tsofaffin finafinai, na karanto wa wata mata sunaye biyar daga cikin wasanninka. Sai ta ce in sake faɗin na ukun. Na tambaye ta abin da za a yi wa wanda ya ɗauke su. Ta ce me kuwa za a yi masa ban da godiya? Sun daɗe suna roƙon irinku ku fito. Ta ce za ta zo da mota mai sanyi duk ranar da magaji ya yarda.

Da na ajiye wayar sai da na fasa kofi a bango. Shekara hamsin kana ɓoye a bayan labule, ba ka bar mai gyaran famfo ya wuce falo ba, ba ka taɓa kwana a wani gari ba don kada gida ya kama da wuta, ba ka yi aboki ba don kada ya tambaya. Waɗanda suka ba ka zarton sun yi ritaya da agogon zinariya, an yi musu jawabi. Kai da ka ƙi yankawa kai ne ka rayu kamar wanda ake nema.

Na kira Adrian na gaya masa duka. Na zaci zai yi murna. Sai ya ce, “Wato Baffa Wilf sato su ya yi? Misis Tordoff, don Allah ki bar maganar nan a inda take. Ni ma Garside nake, ina da 'ya'ya a makaranta. Litinin za a kwashe, shi ke nan.”

Jininku ɗaya, ba shakka. Tsoron da ya rufe ka shi ne zai kai aikinka juji. Shi ya sa na kawo maganar jarida, don kada a samu sauran abin ɓoyewa. Jama'ar Morecambe, ku ji daga bakina: Wilfred Garside ya fitar da wasanni arba'in da ɗaya daga bakin wuta, ya sa hannu cewa ya ƙona su, ya tsare su rabin ƙarni a ɗakin da bai fi kwanciyar mutum biyu ba. Wanda yake so ya wuce kabarinsa ya nuna, ya nuna. Ni ma zan tsaya kusa in gaya masa abin da yake nunawa.

Adrian, ina yi maka ta'aziyya, kai da iyalinka, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Kai kaɗai ka yi tafiyar awa biyar ka ɗauki akwatinsa, ban raina wannan ba. Allah ya ba ku haƙuri. Yanzu kowa ya sani, sunan gidanku kuma bai ragu da komai ba. Ka kira matar nan, lambarta tana cikin saƙon da na tura maka. Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai ina zaune a dokin ƙofar baffanka da kujerata da butar shayi. Duk mai son fita da gwangwani ɗaya sai ya fara ɗaga ni, kuma ba ni da sauƙin ɗauka.

Mista Garside, ni ba mai yawan zuwa coci ba ce, ka sani, amma yau na roƙa. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya haɗa ka da Enid a inda ba ka da abin ɓoye mata. Allah ya yafe maka takardun da ka sa wa hannu, ya dubi abin da ka ƙi yankawa. Ya sa kwanakin nan huɗu ba ka san da su ba. Rantsuwar kuwa ni na yi ta, ni na karya ta, a wuyana take. In akwai hisabi a kanta, ni za a tambaya. Kai ka kwanta.

Hilary Tordoff
Morecambe