Littafin Direbobi da Kunyar Suruki

Aikina nemo wa maɗaba'ar jami'a littattafan nazarin zaman jama'a. Wani malami ɗan Gaya ya kawo mini rubutunsa kan direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, masu kwana a bakin duwan, wato kwastan na kan iyaka. Bisa ƙa'idarmu na cire sunansa, na ba wani farfesa ɗan Bengou ya tsefe aikin ba sani ba sabo. Har aka yanke shinkafa, shiru kake ji. Na kira farfesan raina a ɓace.

"Malam, ina gyaran?"

"Hajiya, tun shafin farko na gane mijin ɗiyata ne. Da wane baki zan ce suruki ya yi kuskure?"

Kurakurai kuwa ga su nan fal. Ni aka bar wa rashin kunyar.