Malam Baffa, Mai Auna Hanya da Ƙafa

Kullum da hantsi sai ka ga Malam Baffa a gefen titin Sharada, da lemarsa da littafinsa, yana tafe yana motsa baki. Ni Mairama har na yaɗa a unguwa cewa mutanen ɓoye ne suka shafe shi. Allah ya yafe mini. Ashe taku yake ƙirgawa, daga gidajen mutane zuwa ƙofar kamfani. Aikinsa ke nan a ofishin tsara gari, shekara talatin da ɗaya, bana ya yi ritaya.

Shekarar da aka hana mata hawa acaɓa, Ladidi 'yar ƙanwata tana ɗinkin buhu a Sharada, marayu huɗu take ciyarwa. Daga bayan Dorayi take takowa. Sau biyu ta makara, shugaban aiki ya ce na uku sallama ce.

An kawo motar ma'aikata, amma ina aka kafa mata tasha? Can sababbin fulotai, inda ba kowa sai katanga da ƙadangaru! Wai a taswirar ofishin tsara gari mu gona ce, don unguwarmu awon igiya ce, ba su suka yanka ta ba.

Na tare Malam Baffa na ce, "Malam, ku da kuka yi boko, ni gero ce ko dawa?"

Ya ce, "Hajiya, da wannan bakin naku? Barkono!"

Washegari ya bi kurar Garba mai ruwa. Duk gidan da aka sauke jarka sai ya yi sallama: su wa ke zuwa aiki a gidan nan, Sharada ko Challawa, ƙarfe nawa suke fita? Mako uku cur.

A taron ofishinsu ogansu ya ce takarda ba ta ƙarya. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, to mu je mu ga amfanin gonar." Ya biyo da shi hanyar Ladidi a ƙafa. Oga ya isa Sharada babbar riga a kafaɗa, yana haki kamar tunkiya. Wanda ya ba ni labari ya ce kar in faɗa.

Ran Litinin mota ta tsaya a ƙofar masallacinmu. Guɗar da na yi, har Hotoro an ji! Ladidi ta riga mai gadi isa, yau ita ke da layin ɗinki guda.

Baffa, kai ne gada, ana taka ka a wuce ba a waiwayo. To ni na waiwayo. Allah ya saka maka, ya jiƙan mahaifa.

Ku kuma masu zane a ofis, kafin ku ja layi, ku fito ku gaisa da wanda zai taka shi.