Saniyar shafi na tara

Ina jera littattafai a ɗakin karatun da nake aiki a Tambuwal, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da littafin yara da na rubuta. Ya sha hannu har bangonsa ya fita.

"Ke kinka rubuta wanga?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta buɗe shafi na tara, inda aka zana saniya tana tashi daga kwance, ta ɗora yatsa a kai.

"Ɗiyata, saniya ba ta tashi da ƙafafun gaba, doki ka yin haka. Ita da na baya taka farawa. Na gaya ma jikata, ta ce littafi ba ya ƙarya. To, ko ki gyara saniyar ga, ko in zama maƙaryaciya cikin gidana."

Tun daga Fakku ta taso, ta hau babur ta hau mota, saboda wannan kawai. Ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, amma tun tana yarinya take tatsar nono. Ni da wanda ya zana hotunan mun duba shafin nan ba adadi, ba mu ga kuskuren ba.

Na ɗauki biro, na rubuta a ƙarƙashin hoton, "Kakarki ce da gaskiya," na sa hannu. Sai a lokacin ta yarda ta sha ruwan da na kawo mata.

Ku fa, wa ya taɓa gyara muku abin da kuka ɗauka kun fi shi sani?