Dattijo da Karyarsa Mai Gutsuren Kunne

A bakin kasuwar Dungas, inda 'yan kabu-kabu ke ajiye babura, wani dattijo yana zaune gindin bishiyar bedi. Ban san sunansa ba. Rigarsa ta sha faci, gorarsa a jingine, ga zomaye jere a gabansa, jinin yanka bai gama bushewa ba. Kusa da ƙafarsa wata karya ce kwance, gajera, mai gutsuren kunne, jela a karkace. Mummuna ce ta gaske.

Ni kuwa ina riƙe da igiyar Sarauta, karen da na sayo wurin Buzaye. Doguwar ƙafa, siririn ciki, faɗin ƙirji, duk abin da masana karnuka ke yabo yana da shi. Kowa ya wuce sai ya waiwayo. Tun kaka nake fita daji da shi, ko gafiya bai taɓa kawo mini ba.

Dattijon ya dube shi daga hanci har jela.

"Malam, karen nan akwai kyau. Yana kamu?"

"Yana koyo, Baba."

"To, Allah ya sa."

Sai ya jawo ƙafar karyarsa yana cire mata ƙarangiya a hankali, ita kuwa ko ido ba ta buɗe ba. Ina jin kwano ɗaya ke ciyar da su, kuma ba su taɓa dawowa hannu wofi ba.

Haushi ya cika ni. Ƙafafun Sarauta tas suke, babu ƙaya ko ɗaya. Zomon da na yi wa matata Hindatu alkawari kuwa, a hannun dattijon nan zan saye shi.