Bencin Bakin Ƙofa

Edita, ni dattijo ne a wata ƙaramar majami'a da ke ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Ina saurayi na karɓi Almasihu, a gidan da mahaifina yake yanka wa iskoki baƙin bunsuru. A lokacin, kai, wuta ce a cikina! Ina noma ina addu'a, har matata takan tsokane ni wai wata rana zan yi wa dawa baftisma. Shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, taki ya gagari talaka, samarinmu suka watse zuwa Kano neman abin kai wa baki, amma ban taɓa fasa durƙusawa ba. Yunwa ba ta raba ni da addu'a ba. Abin da ya raba ni da ita wani benci ne, kuma da hannuna na ɗauke shi.

Da aka fara maganar kafa shari'ar Musulunci, tsoro ya shige mu. Labarai suna ta zuwa daga manyan garuruwa, wannan ya ce an ƙona coci, wancan ya ce an kori mutane. Mai unguwarmu, Musulmin da muka yi kiwo tare muna yara, ya tako har gidana ya ce mu kwantar da hankalinmu, muddin yana numfashi ba mai taɓa mu. Na yi masa godiya, amma a raina ban yarda ba. Dattawan ikilisiya muka zauna muka ga ya kamata wani ya riƙa zama a bakin ƙofa lokacin sujada yana duba hanya. Ni na ce zan yi. Na ja benci na ajiye a waje, na juya wa bagadi baya, na fuskanci hanyar Gwarzo.

Da farko na ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Ina! Hankalin kowa ya kwanta, nawa ya ƙi. Ana wa'azi a ciki, ni ina lissafin baburan da suka wuce, da rediyo ƙarama manne a kunnena. In an ce a sunkuyar da kai, sai in ƙara buɗe ido. Ko mai tallan gyaɗa ya tsaya sai na bi shi da harara. Ba wanda ya taɓa zuwa da mugun nufi, ko sau ɗaya, amma mutane suna yabona, suna cewa Baba shi ne garkuwarmu, ni kuma kaina yana ƙara girma. Fasto ya sha ce mini in shigo ciki, a ba wani saurayi wurin. Na hau shi da faɗa, na ce yaran yanzu me suka sani. In aka ce in rufe taro da addu'a, sai in miƙa wa wani, a ɗauka tawali'u ne. Matata kaɗai ta gane. Takan ce mini, Maigida, jikinka yana coci amma kai ba ka nan. Sai in ce ta bar ni da surutun mata. Haka na yi furfura a kan bencin nan.

Sai ciwo ya kama matata. Muka kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya, aka ce mu koma gida. Wata rana da la'asar, 'yan zumuntar mata sun zo sun yi mata waƙa sun tafi, muka rage mu biyu a ɗaki. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Ta miƙo mini hannu ta ce in yi mata addu'a irin wadda nake yi a gona da can, ba ta son ta fasto, tawa take so. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na rufe ido na buɗe baki, na kira sunan Ubangiji, daga nan ban sami ko kalma ɗaya ba. Cikina wayam kamar rumbu a bazara. Ina cikin lalube sai wani babur ya wuce ta bayan danga. Kafin in ankara idona ya buɗe, wuyana ya juya wajen ƙofa.

Da na waiwayo na tarar tana kallona. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni a hankali ko a nan ma gadi nake yi. Sannan ta matse hannuna, ta rufe nata idon, ta yi addu'ar da kanta, numfashi yana yanke mata. Ba ta roƙi lafiya ba. Ta roƙi Ubangiji ya shigo da mijinta ciki, ya daɗe a waje. Wayyo ni! Na yi kuka kamar yaro, amma ko amin ban iya faɗa da ƙarfi ba. Na ce a raina gobe zan shirya in yi mata wadda ta dace. Washegari ba ta ƙara gane kowa ba, kuma ba ta kai Lahadi ba.

Mai unguwa da mutanensa, waɗanda na yi shekaru ina tsaron hanya saboda tsoronsu, su suka taya mu haƙa kabari. Bayan jana'iza na ɗauki bencin na mayar ciki. Yanzu a sahun gaba nake zama, bayana ga ƙofa, ina koyon addu'a daga farko kamar sabon tuba. Ba zan yi ƙarya ba, har yau in babur ya wuce sai na ji wuyana yana so ya juya.

Ban ce tsaro laifi ba ne, a lokacin akwai dalilin tsoro. Amma ku tsofaffi 'yan uwana a cikin bangaskiya, ku da ake kira dattawa ana ba ku kujera, ku bincika kanku. Hidima takan cinye mutum yana ganin yana tsaye, kuma ba mai tambayar mai furfura ko yana addu'a, kowa ya ɗauka yana yi. Ni ban san tawa ta ƙafe ba sai ranar da aka roƙe ni ita. Abu ɗaya matar nan ta nema a wurina a ƙarshen zamanmu, kuma ta tafi ban ba ta ba.